Farin Jini ko Aiki: Me Wakilanmu Ke Aunawa?

Sau biyu ɗan Kano yana zuwa na biyu a zaɓen fid da gwani na neman shugabancin Nijeriya. A 1978, a taron NPN a Ikko, Alhaji Yusuf Maitama Sule ne ya bi bayan Alhaji Shehu Shagari. A Disamba 2014 kuma, a taron APC, Janar Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku Abubakar 954.

Kowannensu da abin nunawa. Kwankwaso ya kafa jami'o'i biyu, ta Wudil da ta Northwest. Atiku ya shekara takwas yana Mataimakin Shugaban Ƙasa. Buhari kuwa, ban da aikin PTF, ya zo da ƙuri'a fiye da miliyan 12 da ya samu a 2011. Wannan taron jama'a wakilai suka duba, zaɓen 2015 kuwa ya gaskata lissafinsu.

Amma fa cin zaɓe daban, riƙon ƙasa daban. Mu 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ma'auninmu yana ƙofar gida: madatsar Tiga ta zamanin Audu Bako, wadda har yau take shayar da gonakin rani.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, kafin wakilin mazaɓarmu ya kama hanyar taro, mu tare shi da tambaya: gwanin naka, ina Tigarsa? In ya kasa amsa, to, ba da yawunmu ya tafi ba.