Hajiya Dada Da Darasin Da Ta Bar Mana

Ranar Litinin 2 ga watan Satumba, 2024, Allah ya yi wa Hajiya Dada rasuwa a birnin Katsina, bayan ta haura shekara ɗari a duniya. Ita ce matar marigayi Matawallen Katsina, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, kuma mahaifiyar Janar Shehu da Shugaba Umaru.

Jaridu sun yi ta yabonta saboda manyan mutanen da ta haifa. A ganinmu, darajarta ta wuce nan. Wannan baiwar Allah tana raye ɗanta Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, tana raye kuma aka kawo gawar Umaru daga Abuja a 2010. Duk da haka ta rungumi haƙuri, ta miƙa al'amari ga Ubangijinta. Haƙuri irin wannan sai mai imani.

Irinta suna nan a Dabawa da Kurfi da Dutsin-Ma: tsofaffin da ke ta da jikoki sallar asuba, su tura su makarantar allo, su raba ɗan tuwonsu da almajiri. Da yake ba su haifi gwamna ba, babu mai rubuta labarinsu.

Don haka, ya kai ma'aikaci, ya kai ɗalibi, in mahaifiyarka ko kakarka tana raye, je ka gaishe ta, ka rubuta tarihinta daga bakinta, ka nemi albarkarta. Kada ka jira sai ranar zaman makoki.

Allah ya jiƙan iyayenmu, amin.