SHAWARA DON GIDA: Ɗana Ne Ya Kwashe Mini Kuɗi a Banki

Wasiƙar wannan wata ta fito daga wurin wata gwauruwa a kudancin Jihar Kaduna. Ta roƙa kada a ambaci sunanta. Ga abin da ta ce:

"Maigidana malamin makaranta ne, ya rasu a 2021. Kuɗin sallamarsa na ajiye a banki da sunana domin karatun autata. Idona ba ya gani sosai, ban kuma iya injin cirar kuɗi ba. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da layi ya yi yawa a bankuna, sai na ba ɗana na fari katina da lambar sirri, yana ciro mini. Watan jiya na tafi biyan kuɗin makaranta, aka ce abin da ya rage bai kai rabi ba. An yi ta cira kaɗan kaɗan, yau dubu ashirin, wani mako dubu talatin. Da na tambaye shi sai ya ce, 'Mama, ai kuɗin Baba ne, ina da rabo a ciki.' Ƙanen mijina ya ce in kai shi wurin 'yan sanda. Matan zumunta sun ce in rufa asiri in bar wa Allah. Ni kuwa ba na barci. Me zan yi?"

Mama, sannu da haƙuri. Da baƙo ne ya yi wannan, da kuɗi kaɗai kika rasa. Amma yanzu kin rasa kuɗi, kina kuma tsoron rasa ɗa. Shawararmu ita ce ki bi abin daki daki: ki rufe ƙofa, ki tabbatar da gaskiya, sa'an nan a yi magana.

Da fari, ki rufe ƙofa tun yau. Ki tafi banki da kanki da katin shaidarki, ki ce a toshe tsohon katin a ba ki sabo. Ki zaɓi sabuwar lambar sirri wadda ba shekarar haihuwarki ba ce. Ki tambaya wace lambar waya ce saƙon banki yake zuwa mata. Da yawa cikin iyayenmu lambar 'ya'yansu aka rubuta musu, shi ya sa kuɗi yana fita ba su sani ba. In ana aika kuɗi daga asusunki ta waya, a sake wannan lambar sirri ita ma. Tun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN wadda ta haɗa asusun mutum da hotonsa da zanen yatsunsa, saboda haka da wuya wani ya tsaya gaban ma'aikacin banki ya ce shi ne ke. Kati da waya su ne ƙofar da ɓarawon gida yake bi.

Na biyu, ki roƙi banki takardar da ke nuna shiga da fitar kuɗi tun daga ranar da kika ba da katin. Za ta nuna rana, da yawan kuɗi, da ko a inji aka cira, ko wurin mai POS, ko kuwa an aika wa wani. Ki zauna da wani amintacce mai karatu, ku ware abin da kika aike shi da wanda ba ki aike shi ba. Kada ki ɗora masa ko kobo ɗaya da bai ɗauka ba.

Sai mu faɗa miki wata gaskiya mai ɗaci. In mai asusu da hannunsa ya ba wani kati da lambar sirri, banki ba ya cika mayar da kuɗin, gama sharaɗin katin shi ne lambar ta zauna wurin mai ita kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma in kin ga an kwaikwayi sa hannunki, ko an sauya lambar wayarki ba da saninki ba, ki rubuta kuka ga bankin, ki riƙe kwafin takardar. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kina da iko ki kai kukan ga sashen Babban Banki mai kula da koke-koken masu ajiya.

Na uku, maganar ɗanki. Ya ce yana da rabo. Mai yiwuwa ne. Amma gādo da rana ake raba shi, a gaban dangi, ba da dare a bakin inji ba. Karin Magana 28:24 ta sa wanda ya kwashi kayan iyayensa yana cewa ba laifi a jeri ɗaya da mai hallakarwa.

Ku duba Littafin Mahukunta sura 17. Wani mutum daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, sunansa Mika, ya ɗauke wa mahaifiyarsa azurfa 1,100. Da ya ji ta la'anci ɓarawon, sai ya fito ya amsa laifinsa. Nan da nan uwar ta sa masa albarka, ba mu karanta ta tsauta masa ba. Ta ɗebi azurfa 200 ta ba maƙeri aka ƙera gunki, gunkin kuwa a gidan Mika ya zauna. Kuɗi ya dawo, amma zuciya ba ta gyaru ba, gidan kuma ya ƙara nisa da Allah. Matan zumunta suna ƙaunarki, amma irin wannan rufin asiri ba taimako ba ne ga ɗanki. Wanda ya ci kuɗin uwarsa aka yi shiru, gobe kuɗin ekklesiya ko na wurin aiki zai taɓa, can kuwa ba mai jin tausayinsa.

Ubangijinmu ya shirya mana hanya a Matiyu 18:15-17. Ki fara kiransa ku biyu kaɗai, ba cikin fushi ba, ki ajiye takardar banki a gabansa. Ki tambaye shi inda kuɗin ya tafi. Wataƙila bashi ne ya kama shi, ko cacar ƙwallo da ta cinye samari da yawa a zamanin nan. In ba a gano tushen ba, abin zai sake tsirowa. In ya ƙi ji, ki kira ƙanen mahaifinsa da dattijo ɗaya na ekklesiya. In har yanzu ya taurare, a kai maganar gaban fasto da majalisar dattawa.

Tuba ta gaskiya tana tafe da mayarwa. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya sai ya biya duka ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo hadaya don laifinsa. Zakka a Luka sura 19 shi da kansa ya yi alkawarin riɓi huɗu. Ba mu ce ki nemi riba a wurin ɗanki ba. Amma a rubuta abin da zai riƙa biya kowane wata gwargwadon ƙarfinsa, shaidu su sa hannu, kuɗin ya shiga asusun kai tsaye. In kin ga dama ki yafe masa saura, wannan ikonki ne, amma bayan ya amsa laifinsa.

Batun 'yan sanda fa? Dokar ƙasa ta 2015 a kan laifofin intanet ta hana yin amfani da katin wani da nufin zamba, ba ta kuwa ware ɗa ko ƙane ba. Hukuma daga Allah take, kai ƙara ba zunubi ba ne. Amma ki sani, da zarar magana ta shiga hannun hukuma ba ke kaɗai ke da ita ba kuma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A bar wannan a ƙarshe, sai in ya yi miki barazana, ko ya ci gaba da neman hanyar taɓa kuɗin.

Ki gafarta masa, Mama, gama mu ma an gafarta mana. Amma gafara dabam, mabuɗi dabam. Kada ki mayar masa da katin. Ki buɗe ƙaramin asusu na cefane mai kati, babban kuɗin kuwa ya zauna a asusun da ba shi da kati, wanda sai kin je da kanki.

Ku samari da 'yan mata da kuke riƙe da katin iyayenku, amana ce a hannunku. Duk abin da kuka ciro ku kawo da takardarsa. Dattawan ekklesiya kuma, in kun ziyarci gwauraye, ku tambaye su wa yake riƙe musu da kati.

Mu riƙa tunawa da wannan uwa da ɗanta cikin addu'a. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.