Masu ɗaukar nauyin kiɗa da rawa a Zongo: wa ke riƙe da sunayensu?

A ƙasashen Turai da Amurka, ƙungiyoyin rawar bale da yawa da suka daɗe suna da wata al'ada: a bayan takardar shirin wasa ana jera sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. A Nima da Maamobi ma akwai irin waɗannan mutane. Abin da babu shi ne takardar.

Ghana ta san darajar rawa tun farkon samun 'yancin kai. A 1962, zamanin Kwame Nkrumah, aka kafa Ghana Dance Ensemble a Jami'ar Ghana da ke Legon, ƙarƙashin Farfesa J.H. Kwabena Nketia da Albert Mawere Opoku. Makwabta masu jin Faransanci suna kiran irin wannan ƙungiya "ballet", kamar Les Ballets Africains da Fodéba Keïta ya kafa, wadda ta zama ta ƙasar Gini. Daga baya, a 1992, aka kammala babban gidan wasan ƙasa a Accra da tallafin Sin, wani ɓangare na 'yan rawar ya koma can. Waɗannan duk tarihi ya adana su, domin gwamnati da jami'a ne suka tsaya musu.

Makaɗan Zongo kuwa aljihun jama'a ne ya raine su. Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Nima ita ke ɗinka wa 'yan rawa anko. Mahauci shi ke ba da fatar da za a ɗaure ganga. Direba ya kai su biki Kumasi bai karɓi ko sisi ba. Sai liƙin ranar aure da suna, da kuɗin adashin mata. A da, ladan mai bayarwa shi ne maroƙi ya kira sunansa a tsakiyar fili. Haka Mamman Shata ya dawwamar da sunayen masu yi masa alheri, har yau ana jin su a kaset bayan rasuwarsa a 1999. Amma ƙaramar ƙungiyar unguwa ba ta da kaset. Ranar da tsohon makaɗi ya kwanta dama, sunayen sun bi shi.

Wannan ba batun ladabi kaɗai ba ne. Masu biki da yawa yanzu sun fi son ɗauko mai lasifika, ya fi arha. Tsofaffin masu bayarwa suna ƙarewa, 'ya'yansu na Jamus da Amurka ba su san iyayensu sun taɓa riƙe wata ƙungiya ba, balle su gada. Jiran gwamnati kuma ba dabara ba ce: ma'aikatar raya Zongo da aka ƙirƙira a 2017 ba ta wuce 2021 ba, kuma a unguwar da ke fama da magudanar ruwa da cunkoson azuzuwa, ganga ba za ta zo farko a kasafi ba.

Akwai masu cewa sadaka ɓoye ta ake yi, wasu kuma ba sa son a haɗa sunansu da kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. Hakkinsu ne, sai a tambayi iyali kafin a rubuta.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Fadar sarakunan Zongo ta buɗe littafi. Malaman makaranta mu tura ɗalibai da waya su naɗi bakin tsofaffin makaɗa tun suna raye: wa ya sayi ganga ta farko, wa ya ciyar da ku shekarar da babu biki? Sannan a karanto sunayen a filin wasan Sallah, a yi musu addu'a. Yaron da ya ji an ambaci kakarsa a bainar jama'a, shi ne zai sa hannu a aljihu baɗi.