Garaɓasar kamfanonin caca: ko ƙwararre zai iya fitar da riba?

Duk mai riƙe da waya a ƙasar nan ya saba da saƙon: zuba ₦1,000 a ninka maka, ko ga juyi goma kyauta, ko a mayar maka da kuɗinka in wasa ɗaya ne ya yanke maka tikiti. A nan Keffi, daga Angwan Lambu inda ɗaliban jami'ar jihar suka fi zama har bakin titin Abuja, shagunan bet ba sa rabo da matasa. Na san haka abin yake a wajenku, a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Lokpanta. Akwai kuma maganar da nake yawan ji daga waɗanda ke ganin kansu gwanaye: "Ni ba caca nake yi ba, bonas kawai nake kwashewa." Wannan maganar ce nake so mu ɗora a kan sikeli.

Mu fara da inda doka ta tsaya. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, a Abuja kaɗai take aiki. Kowace jiha ita za ta tsara nata. Kano ta ɗauki hanyar rufewa, Hisbah ta garƙame shaguna da dama a 2024. Legas tana da hukumarta mai ba da lasisi da karɓar haraji. Nasarawa ba ta cikin jihohin da ke aiki da shari'a, shagunan a buɗe suke. Amma wayar da ke aljihunka ba ta san iyakar jiha ba, kuma can ne gasar take tsakanin irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing da 1xBet. Makamin gasar kuwa garaɓasa ne.

Hukuncin addini a bayyane yake a suratul Ma'ida, malamai sun gama bayani, ba ni da abin ƙarawa. Amma wanda ya riga ya shiga, sau da yawa wa'azi ba ya jin sa kamar yadda zai ji lissafi. To bari mu yi lissafin.

A kasuwa mun san gyara: ka sayi mudu biyar na masara, mai hatsi ya ƙara maka da hannu, ka ɗauka ka tafi gida. Bonas ɗin caca ba ya tafiya gida haka. Yana zuwa da sharaɗi, wato sai ka buga da kuɗin sau kaza kafin a bari ka cire. A ce an ba ka ₦5,000, sharaɗin sau 30. Sai ka juya ₦150,000 ke nan a cikin wasa. Kowane wasa kuma yana da kason gida. Aviator, wasan jirgin nan da kamfanin Spribe ya fitar a 2019, masu shi da kansu sun ce kashi 97 cikin 100 yake mayarwa, 3 na gida ne. Kashi 3 na ₦150,000 shi ne ₦4,500. A matsakaici, abin da zai rage maka a cikin kyautar ₦500 ne. In sharaɗin sau 40 ne, juyin ya zama ₦200,000, kason gida ₦6,000, ka ga an cinye kyautar har an taɓa ₦1,000 daga aljihunka.

Sai batun lokaci. In kana buga ₦200 a kowane zagaye, sai ka yi zagaye 750 kafin ka cika ₦150,000. A ba kowane zagaye rabin minti, awa 6 da ɗoriya ke nan, ido a waya, data na tafiya, caji na ƙarewa. ₦500 a awa 6 bai kai ₦100 a awa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ₦70,000 a wata, in ka raba shi da kwana 22 na awa 8, yana kusan ₦400 a awa. Ɗan dako a Mile 12 ko mai lodin shanu a kara ya fi wannan gwanin samu nesa ba kusa ba, kuma shi uwar kuɗinsa ba ta cikin haɗari.

Wani zai ce shi ba ya buga inji, ƙwallo yake bi, ya san Firimiya kamar tafin hannunsa. To, duba yadda ake saka farashi. Wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, adalci shi ne a biya 2.00 kowane ɓangare, amma abin da za ka gani kamar 1.90 ne. Wannan ɗan giɓin kashi 5 cikin 100 ne, la'adar kamfani. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na tashi ina ganin dillali a kara: ko mai saye ya ci riba a Legas ko ya faɗi, la'adarsa ta riga ta shiga aljihu. Bambancin kawai, dillalin kara sau ɗaya yake karɓa a kan sa ɗaya. A tikitin haɗaka kuwa la'adar tana hawa kan la'ada. Wasa 5 a farashin 1.90, ₦1,000 ɗinka a matsakaici ₦774 take dawowa. Wasa 10, kusan ₦600. Ko da an ɗora maka bonas na kashi 20 a kan wasa goman, ka tsaya a wajen ₦720. Shi ya sa ƙarin yake girma in ka tsawaita tikiti: inda suka fi cin ka, nan suke fi maka kyauta.

Gaskiya ne a duniya an yi mutanen da suka ci gidan caca da ilimi. Edward Thorp, malamin lissafi a Amurka, ya wallafa littafi a 1962 kan yadda ake ƙirga kati a wasan blackjack. Gidajen caca suka ƙara yawan katin, suka riƙa korar duk wanda suka gane yana ƙirga. A Ingila akwai masu bin garaɓasa suna buga ɓangare biyu a wurare daban don su tsira da kyautar, su ma da zarar an gane su sai a rage musu abin da za su iya sakawa ko a hana su bonas. Wasan waya irin Aviator kuwa kwamfuta ce ke fitar da sakamako, ba katin da za ka ƙirga. Masu sayar da "sigina" a Telegram da WhatsApp, da suna da sirrin, da ba su tsaya roƙon kuɗin rajistarka ba.

Ko a Ingila ɗin, hukumar kula da caca ta ga illar wannan sharaɗi, ta sanar a 2025 cewa za ta ƙayyade shi kada ya wuce sau 10. A nan, bayan hukuncin Kotun Ƙoli, mai kare ɗan wasa ya danganta da jihar da yake zaune. Ga kuma dokar haraji ta 2024 da ta tanadi cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin ƙasa ya ci.

Saboda haka, a kan takarda, garaɓasa mai sassauƙan sharaɗi tana iya barin ɗan canji. Amma sau ɗaya ake ba mutum ɗaya, an ɗaure ta da lambar waya da asusun banki, ba za ta taɓa zama sana'a ba. Kamfanin ya san da haka. Abin da yake saye da ₦5,000 ɗin nan shi ne manhajarsa ta zauna a wayarka, asusunka ya haɗu da nasa, hannunka ya saba. Ranar da ka yi ciniki mai kyau, ko aka ba ka amanar kuɗin adashi, ko kuɗin da za ka tura gida na taki, hanyar a share take. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ɗan'uwa da ya baro Arewa ya je Kudu, nema ya kai shi, kuma akwai masu jiran saƙonsa ƙarshen wata. Kafin ka danna "karɓa", buɗe sharuɗɗan, nemo sau nawa aka ce ka juya, ninka shi da kyautar, cire kashi 3 ko 5 na abin da ya fito. Abin da ya rage ka raba shi da awannin da za ka ɓata, sannan ka gwada shi da abin da sana'arka ke ba ka a awa guda. Allah ya ba mu na halal, ya sa albarka a ciki.