Kubernetes a laftof: ka koya, amma kar ka ɗora masa amanar mutane

Wani matashi daga Bagwai ya turo min saƙo a daren jiya. Ya haɗa wa ƙungiyar manoman rani na Watari 'yar manhaja ta rubuta bashin taki da kuɗin adashi, yana so ya ɗora ta a kan Kubernetes. Wai zai buɗe kwamfutoci uku a cikin laftof ɗinsa. Amsar da na ba shi ba ta yi masa daɗi ba, shi ya sa na kawo ta nan, don na san kai ma watakila tunanin da kake yi ke nan.

Mu fara da ma'anar abin. Kwantena manhaja ce da aka ɗaure da duk kayan aikinta wuri ɗaya, ta yadda duk kwamfutar da ka kai ta za ta tashi. Docker ne ya yaɗa wannan salo tun 2013. Shi kuwa Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, kamar sarkin tasha yake. Shi ke cewa wannan kaya ya shiga waccan motar, in mota ta lalace a hanya ya juye kayan zuwa wata. Amfaninsa ke nan: saba ɗaya ta mutu, aiki ya ci gaba.

To ka ga inda matsalar take? Kwamfutoci ukun da ka ƙirƙira da VirtualBox ɗakuna uku ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Aka ɗauke wuta, caji ya ƙare, duk ukun sun mutu tare, har da sarkin tashar. Ranar da shugaban ƙungiya zai tsaya gaban mutane yana neman sunan wanda ya biya da wanda bai biya ba, ba zai ji bayanin kilasta ba. Kai za a kalla.

Ban ce kar ka koya ba fa. Wallahi ka koya, sana'a ce mai kyau, kuma laftof ɗin ya fi maka sabar haya da za ka riƙa biya da dala kana ɗan koyo. Sai dai ka bi a hankali. Hanyar kubeadm tana neman aƙalla RAM 2GB a kowace kwamfuta, babbar kuma da ƙwaƙwalwar aiki biyu. In laftof ɗinka mai 4GB ne, kar ma ka wahalar da shi. Mai 8GB zai iya, musamman da k3s, wato ƙaramin Kubernetes da kamfanin Rancher ya fitar a 2019. Ka sa Ubuntu Server a guda biyu ma ya isa, ɗaya shugaba, ɗaya ɗan aiki.

Abu biyu ne ke kayar da kusan kowa. Na farko, VirtualBox yana ba kowace kwamfuta adireshi iri ɗaya, 10.0.2.15, in ka bar ta a saitin NAT, sai su kasa ganin juna. Ka ƙara musu saitin Host-only. Na biyu, in ka kwafi ɗaya ka yi biyu, ka canza mata suna, don kilasta ba ya karɓar mambobi biyu da suna ɗaya. Ni kaina wannan ya taɓa cinye min yini guda, da data mai yawa. Da ka gama, ka rubuta kubectl get nodes. Ka ga duka sun nuna Ready, sai ka kashe ɗan aikin da gangan ka ga yadda lamarin ke kasancewa. A nan karatun yake.

Wanda waya kawai gare shi, akwai Killercoda, yana ba da kilasta na gwaji kyauta a burauza, ko da yake rubutu a ƙaramin allo sai da haƙuri.

Manhajar manoman kuwa, mutum nawa ne za su shiga a rana? Ƙaramar saba guda ɗaya ta haya ta ishe ta, da kwafin bayanai da za ka riƙa saukewa kullum da dare. Na kuma ce masa kar ya bari ma'aji ya jefar da littafinsa na takarda, aƙalla har a gama girbin bana.