Ƙanjamau: Sanin Iri Kafin Ba Da Magani

Ƙwayar cutar ƙanjamau ba iri ɗaya ba ce. Masana sukan karanta tsarin halittarta su gane danginta da inda ta biyo, kamar yadda akan gane asalin mutum daga tsagar fuskarsa.

Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa babban dangin HIV-1 ya fara bazuwa ne daga Kinshasa wajen 1920, ya bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi. Daga nan ya rarrabu: irin C ya mamaye kudancin Afirka da Indiya, irin B kuwa Turai da Amurka. A Nijeriya irin G da wani ruwa-biyu mai suna CRF02_AG, wanda aka fara samo shi a Ibadan, su suka fi yawa. Ruwa-biyu yakan samu ne sa'ad da iri biyu suka haɗu a jikin mutum guda.

Abin lura a nan shi ne, yawancin gwaje-gwaje da magunguna na farko a kan irin B aka tsara su. Haka nan HIV-2, wadda aka gano a Afirka ta Yamma a 1986, ba ta jin nevirapine ko efavirenz. Wanda aka ba shi maganin da bai dace ba, ya yi asarar lokaci, wataƙila har da rai.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya su ƙarfafa ɗakunan bincike, su riƙa musayar sakamako da Nijar, Kamaru da Chadi. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.