A Nemi Izini Kafin a Kunna Kyamara: Darasi daga Jimlar Indiyanci Ɗaya

A ƙaddara wani saurayi ne a Maradi, mahaifinsa yana jinya a birnin Delhi, wayar tsohon kuma ta lalace. Lambar da ta rage a hannunsa ita ce ta mai masaukin da suka sauka, dattijo mai furfura wanda Ingilishinsa bai taka kara ya karya ba. Saurayin yana so ya ga fuskar mahaifinsa, domin gani ya kori ji. Da yake ya tashi da kallon finafinan Indiya, kunnensa ya riƙe wasu kalmomi, sai ya naɗi muryarsa ya aika: “Vidiyo kol karo.” Saƙon ya isa, nahawunsa kuma ba shi da aibi. Amma abin da ya shiga kunnen dattijon ya yi kusa da a ce yaro ya tsaya a ƙofar gidan sa'an ubansa, babu sallama, ya ce: “Kai, kira ni.” Watakila dattijon ya yi masa uzurin baƙunta, watakila kuma ya ajiye wayar ya ci gaba da sabgarsa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, jimlar yau da kullum irin wannan ta cancanci a zauna a koye ta da gaske, kuma wanda ya haddace kalmominta bai san matakin girmamawar da ke cikinta ba, bai koye ta ba tukuna. Ladabi a harshen Hindi yana cikin nahawu, a jikin wakilin suna da ƙarshen aikatau. Ɗaliban kimiyyar harshe a jami'o'in Nijar suna da abin ƙaruwa mai yawa a nan, har game da Hausar kanta.

Jimlar da ta dace da baƙo ita ce: “Kyaa ham vidiyo kol kar sakte hain?” Fassararta: “Ko za mu iya yin kiran bidiyo?” Kalmar kyaa a farkon jimla tana aikin da ko da shin suke yi a Hausa, wato mai da zance tambaya. Ham na nufin mu. Kar saiwar aikatau ce ta karnaa, wato yi. Sakte hain kuwa shi ne “muna iyawa”, kuma harafin n da ke ƙarshe ba a furta shi, alama ce kawai ta cewa wasalin yana fita ta hanci. Tsarin jimlar Hindi shi ne aikau, karɓau, sannan aikatau, saɓanin Hausa da ke sa aikatau a tsakiya. Sai dai harsunan biyu sun haɗu a dabarar karɓar baƙuwar kalma: Bahaushe ya ɗauki suna ya jingina shi da yi, ya ce yin waya ko yin bidiyo, mai Hindi ya jingina nasa da karnaa.

Abubuwa uku ne suka tausasa wannan jimla. Na farko, tambaya ce, ba umurni ba. Na biyu, ta yi amfani da ham, ta raba nauyin aikin tsakanin mai roƙo da wanda ake roƙa. Na uku, ta tambayi iyawa, ta bar wa mai sauraro ƙofar cewa ba hali ba tare da ya ce ba ya so ba. John Searle ya yi bayanin irin wannan roƙo na kaikaice a 1975, sannan Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, suka nuna yadda masu magana ke kiyaye abin da suka kira fuska, da misalai daga Ingilishi da Tamil da Tzeltal. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ra'ayi ba, tunda a harshensa wulakanci sunansa cin fuska.

Inda saurayin Maradi ya yi tuntuɓe shi ne matakalar wakilan suna. Hindi na da guda uku ga wanda ake magana da shi: tuu, tum da aap. Ana faɗin tuu ga ƙaramin yaro, ga aminin da babu shamaki da shi, da kuma wajen ganawa da Ubangiji. In aka jefi baƙo da shi, zagi ne. Tum na abokai ne da ƙanne da na ƙasa da mutum. Aap shi ne na manya, malamai, surukai da duk wanda ba a saba da shi ba. Kowane ɗayansu yana da sigar umurninsa: kar, karo, kiijiye. Saboda haka ko da ba a ambaci wakilin suna ba, aikatau yana tona matsayin da aka ajiye mutum. Da saurayin ya ce karo, ya riga ya zaunar da dattijon a tabarmar tsaransa.

Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci ya san tu da vous, ya kuma yiwu ya ci karo da nazarin Roger Brown da Albert Gilman na 1960 kan wakilan sunan iko da na zumunci. Amma matakalar Faransanci hawa biyu ce, kuma wanda ya ɗora Hindi a kanta zai rasa inda zai sa tum. Hausa ta fi kusa da ba shi haske. Akwai kai da ke, akwai ku na girmamawa da ake faɗa wa dattijo shi kaɗai, akwai kuma lamirin da ba ya nuna kowa, wanda ake kauce wa nuna babba da yatsa da shi: “An tashi lafiya?”, “A huta gajiya.” Wanda ya girma yana zaɓe tsakanin waɗannan, ya riga ya mallaki kunnen da ake buƙata. Wani bambanci kuma mai ban sha'awa shi ne na jinsi. Hausa na rarrabe ka da ki, amma ni ɗaya ne ga kowa. A Hindi wakilin sunan bai rarrabe ba, aikatau ne ke rarrabewa, har ga mai maganar kansa: namiji ya ce kar saktaa huun, mace ta ce kar saktii huun.

To, me ya sa mutanen da suka daɗe suna jin wannan harshe suke faɗawa wannan rami? Finafinan Indiya sun shafe gomman shekaru a ƙasar Hausa, har masanin ɗan Adam Brian Larkin ya rubuta maƙala a 1997 kan tasirinsu a Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan alaƙarsu da finafinan Hausa. Sai dai abin da ya fi zama a kunnen mai kallo shi ne zancen masoya, barkwancin abokai da cacar bakin abokan gaba, kuma duka ukun fagen tum da tuu ne. Fim makaranta ce mai daɗi, amma ba ta koyar da yadda ake magana da likita ko shugaban sashe. Fassarar finafinan zuwa Hausa, wadda ta yaɗu a wayoyi, ta ƙara rufe al'amarin, domin sau da yawa matakan nan uku sukan narke su koma kai da ke.

Wanda yake son ya cika ladabi sai ya sa sharaɗi a gaba: “Agar aap ke paas vaqt ho, to kyaa ham vidiyo kol par baat kar sakte hain?” Wato: “In kuna da lokaci, ko za mu iya magana ta kiran bidiyo?” A nan akwai abin da zai faranta ran mai nazarin kalmomin aro. Vaqt ɗin nan da lokaci na Hausa uwarsu ɗaya, wato al-waƙt ta Larabci. Haka khabar da labari, zaruurat da larura, duniyaa da duniya. Kalmomin sun isa Indiya ta hanyar Farisanci, sun iso ƙasar Hausa ta hanyar Musulunci da fataucin Sahara, wasu bayan sun yada zango a Barebari. Akwai kuma zaraa, wadda masu Hindi ke saƙawa cikin roƙo don rage masa nauyi. Asalinta ita ce kalmar da ke cikin ƙwayar zarra, aikinta kuma shi ne na tsigalau a Hausa: “ɗan dakata”, “ɗan ba ni”. Harsunan biyu suna ƙanƙanta buƙata don kada ta yi wa mai sauraro girma. Kalmar kripayaa, wadda littattafan matafiya ke bayarwa a matsayin “don Allah”, ta fi zama a sanarwar tashar jirgin ƙasa da allunan ofis. A hira tsakanin mutum biyu takan yi kama da karanta takarda.

A ɓangaren furuci ma Bahaushe yana da jari. Ya saba da tsawon wasali, wanda ke raba gari na mutane da gari na tuwo, don haka ba zai wahala ba wajen raba kam, kaɗan, da kaam, aiki. Sautin r na rana da ruwa, wanda ake naɗe harshe a yi shi, yana da ɗan'uwa a Hindi. Abin kiyayewa shi ne d ɗin da ke cikin vidiyo: naɗe-harshe ne, ba haɗiyau irin ɗ na Hausa ba. Sai kalmar kal, wadda ke nufin jiya, take kuma nufin gobe, lokacin aikatau ne kaɗai ke tantancewa. “Kal vidiyo kol karen?” na nufin “Mu yi kiran bidiyo gobe?” Mai sa lokacin ya tuna Indiya na gaban Nijar da awa 4 da rabi: ƙarfe 8 na dare a Tawa, 12 da rabi ne na dare a Delhi.

Dalilin da ya sa wannan roƙo ya fi na kiran murya nauyi a fili yake. Murya tana tsayawa a zaure, kyamara kuwa har tsakar gida take shiga. Tana nuna ɗaki, da tufafin da ke jikin mutum, da wanda ke zaune kusa da shi. Mace na iya buƙatar ta jawo mayafi, magidanci ya sa riga, wani ya duba ko megarsa za ta isa, ko rezo zai riƙe. Al'ummar da ta shar'anta sallama sau uku kafin a shiga gida ta san hikimar tambaya kafin a danna. Kuma wanda ya koyi tambaya, wajibi ne ya koyi jin amsa. In aka ce masa “dekhte hain”, wato “za mu gani”, ko “baad men”, wato “daga baya”, ya yi musu fahimtar da yake yi wa “sai na duba” a kasuwar Damagaram.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tunda Ingilishi ya wadatar a Indiya. Ya wadatar a ofishin likita da ɗakin lacca, amma ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 10 cikin 100 ne na Indiyawa suka ce suna jin Ingilishi, alhali kashi 43.6 cikin 100 Hindi ne harshensu na uwa. Direba da mai gadi da mai sayar da abinci, waɗanda rayuwar majinyaci da ɗalibi da ɗan kasuwa ke hannunsu kullum, suna cikin mafi rinjayen nan. Gaskiya ne Hindi ba shi ne harshen kowa ba: tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, kuma wanda ya sauka Chennai, gaisuwar Tamil ta fi yi masa amfani. Wannan ma darasi ne na walwalar harshe: a san gari kafin a zaɓi harshe.

Wasu kuma za su ce na'urar fassara ta ɗauke wannan wahala. Na'ura na iya ba da jimla mai kyau, amma ba ta ga furfurar wanda za a aika wa ba. Dole ta zaɓi ɗaya daga cikin matakan uku, kuma wanda bai san su ba ba zai gane wanda ta zaɓa masa ba. Magana zarar bunu ce, saƙon murya kuwa ana iya sake saurarensa sau goma.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa harsunan gida sun fi buƙatar wannan ƙoƙari, musamman tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ba su yi kuskure ba, amma kwatance hanya ce ta sanin na gida. Sai an tsaya gaban tuu, tum da aap ne tambayoyi ke tasowa: yaushe Bahaushen Tawa ke cewa ku ga mutum ɗaya, kuma haka na Damagaram yake yi? Yaya matasa ke neman kiran bidiyo daga iyayensu, yaya kuma daga malamansu? “Ko in kira ta bidiyo?” da “In babu damuwa, a ɗan kunna kyamara” matakinsu ɗaya? Waɗannan batutuwa ne da suka isa kundin digiri, kayan aikinsu kuma yana cikin aljihun kowane ɗalibi. Ya kamata sassan harsuna a jami'o'in Nijar su ƙarfafa irin wannan bincike, su kuma saba wa ɗalibai kwatanta Hausa da harsunan Asiya kai tsaye, ba sai an ratsa ta Faransanci ba. Duk littafin koyon harshe da za a rubuta da Hausa, a sa wa kowace jimla bayanin wanda ake faɗa wa ita.

Shi kuwa saurayin Maradi, abin da ya kamace shi bai fi numfashi biyu ba: ya fara da “Namaste jii”, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya kawo sharaɗin lokaci, sannan ya yi tambayarsa da aap. Lafazinsa zai karkace, kuma dattijon zai ji karkacewar. Zai kuma ji cewa yaron nan daga nesa ya san da babba yake magana, kuma mai masauki da aka girmama ya fi saurin hawa bene ya miƙa wa majinyaci waya.